Bikin Majigi na Aurobil da Matsayinsa a Tarihin Garin

A kudancin ƙasar Indiya, cikin jihar Tamil Nadu, 'yan mil kaɗan arewa da birnin Fondiceri, akwai wani gari da ake kira Aurobil. Ba yaƙi ne ya kafa shi ba, ba kuwa kasuwa ba. Wata mata ce haifaffiyar Faris, mai suna Mirra Alfassa, abokiyar aikin malamin nan Sri Aurobindo, ta yi niyyar a gina wurin da mutane na kowace ƙasa za su zauna tare ba bambancin launi ko addini. Ran 28 ga watan Fabrairu 1968 aka buɗe shi. Samari da 'yan mata daga ƙasashe 124 suka zo, kowa da ɗan dunƙulen ƙasar garinsu, aka zuba cikin tulu guda.

Filin da aka zaɓa jar ƙasa ce wadda zaizaya ta cinye, ba inuwa sai ta wani tsohon itacen baniyan da 'yan itatuwa jefi-jefi. Baƙin suka yi ta haƙa rijiyoyi da dasa itace har wurin ya koma kurmi. Amma fa filin ba kango ba ne. Akwai ƙauyukan Tamil kewaye da shi, irin su Kuilapalayam da Edayancabadi da Kottakarai, waɗanda daga hannunsu aka sayi gonaki, daga cikinsu kuma aka ɗauki ma'aikata.

Bayan rasuwar Alfassa cikin 1973 sai gardama ta tashi tsakanin mazauna da ƙungiyar da ke riƙe da dukiyar garin. Gwamnatin Indiya ta karɓi riƙon cikin 1980, sa'an nan cikin 1988 majalisa ta yi dokar da ta kafa masa hukuma tasa. Tun daga lokacin nan kowane ɓangare yana da nasa labarin yadda abin ya auku, 'yan jarida na waje kuwa suna da nasu.

Cikin wannan hali ne aka fara bikin majigi na Aurobil a shekara ta 1 ga jerinsa, watau 2009, da nufin a riƙa yinsa sau ɗaya cikin shekara biyu. Cibiyarsa wani ɗan ɗakin sinima ne a zauren gari, mai suna Cinema Paradiso. Ba kamfanonin Bombay ko na Madras suka shirya shi ba, mazauna ne da kansu. Aka kasa finafinan kashi huɗu: waɗanda mutanen garin da na kewayensa suka yi, da waɗanda aka yi a kan garin da kewayensa, da na 'yan makaranta, da na ƙasashen duniya masu magana a kan haɗin kan 'yan Adam.

Abin lura a nan shi ne kalmar nan "kewaye". Da ita ne ɗan ƙauye, wanda a da ba ya fitowa a hoto sai yana ɗauke da kwandon ƙasa, ya sami damar riƙe kyamara ya faɗi nasa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Amfanin wannan ya ƙara bayyana cikin Disamba 2021, sa'ad da rikici ya sake tashi a kan sare itatuwa domin yanka hanya. Wanda zai rubuta tarihin garin nan gaba zai tarar da fuskoki da muryoyi da gandun daji a cikin finafinan nan, waɗanda takardun hukuma ba su ajiye ba. Sai dai ya kamata ya auna su kamar yadda ake auna labarin baka, ya tambayi wanda ya ɗauka, da wanda ya biya, da wanda aka bari a bayan kyamara.