Morris Minor: Motar da Ta Riga Masana'antarta Tsufa, Ta Kuma Fi Ta Tsawon Rai

A shekarar 1971 aka daina ƙera Morris Minor, kuma a 1984 sunan Morris kansa ya ɓace daga kan sababbin motoci. Duk da haka, har yau a garuruwan Ingila akan ga dattijo ya fito da ita daga gareji ranar Lahadi, ya goge ta da tsumma, ya kama hanyar taron masu irinta. Ƙungiyar masu wannan mota, wadda aka kafa a 1976, tana nan da ranta. Idan aka tambayi irin waɗannan mutane abin da suke tunawa, sukan ambaci ƙamshin kujerunta, da ƙarar salansa idan an saki totur, da ranar da uba ya fara ɗora hannun ɗansa a kan sitiyari. Tambayar ita ce, me ya sa ƙaunar motocin Birtaniya na dā ta dawwama, alhali kamfanonin da suka ƙera su sun rushe ɗaya bayan ɗaya?

Amsar ta faro ne daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Birtaniya ta fito daga yaƙin da bashi ya yi mata katutu, ƙarfe kuma ya yi ƙaranci. Gwamnati ta riƙa raba ƙarfen ga masana'antu gwargwadon abin da suka sayar a ƙasashen waje, don ta sami kuɗin ƙetare. Zuwa 1950, babu ƙasar da ta kai Birtaniya fitar da motoci a duniya. Cikin wannan yanayi ne, a 1948, aka fito da motoci biyu da za su daɗe a zukatan mutane. Ta farko ita ce Land Rover, wadda aka nuna a Amsterdam a watan Afrilu, aka kuma yi jikinta da alminiyam saboda ƙarfe ba ya samuwa. Ta biyu ita ce Morris Minor, wadda aka buɗe wa jama'a a bajekolin motoci na Earls Court da ke Landan a watan Oktoba.

Wanda ya zana Minor shi ne Alec Issigonis, injiniya haifaffen Smyrna, garin da ake kira Izmir a Turkiyya ta yau. Burinsa shi ne ya yi wa mai ƙaramin ƙarfi motar da za ta yi daɗin tuƙi kamar ta attajiri. Ya tura injin can gaba don motar ta zauna daram a kan titi, ya ba ta ƙananan tayoyi da sitiyari mai saurin amsa hannu. Ana dab da fara ƙera ta sai ya ga ta yi masa siriri, ya sa aka yanke samfurin gida biyu aka ƙara faɗin inci 4. Alamar wannan yanka tana nan a tsakiyar murfin injin kowace Minor. Mai kamfanin, Lord Nuffield, bai so fasalinta ba, har ya kwatanta ta da dafaffen ƙwai. Masu saye ba su bi ra'ayinsa ba. A ƙarshen 1960 ta zama motar Birtaniya ta farko da aka ƙera miliyan ɗaya, kuma kafin a rufe babinta adadin ya haura miliyan 1.6.

Abin da ya ɗaure ta a zuciyar masu ita shi ne sauƙinta. Wanda ya ɗaga murfin inji zai ga komai a fili: ga kafireta, ga fulogi huɗu, ga batir, ga lagireto, kuma hannu yana kai wa ga kowannensu. Da 'yan sifanoni da littafin gyara, malamin makaranta ko ungozomar ƙauye za su iya kwance abin da ya lalace su mayar. Motar tana neman kulawa a kai a kai, a shafa mata giris, a duba baƙin mai, a daidaita birki, kuma wannan hidimar ce ta haifar da shaƙuwa. Mutum ba ya manta abin da ya yi wa wahala da hannunsa. Irin wannan sauƙi ne ya kai motocin Birtaniya nesa da gida. A Indiya, Morris Oxford ta rikiɗe ta zama Hindustan Ambassador, aka ci gaba da ƙera ta har 2014. A Nijeriya an yi tasi da Morris Minor, Land Rover kuwa ta zama motar rangadi da ta 'yan sanda a hanyoyin da ba su san kwalta ba.

Sai dai tuna baya yana da halin tace labari, ya riƙe zaƙi ya zubar da ɗaci. Waɗannan motoci tsatsa tana cin su tun suna sababbi, mai yana ɗiga daga ƙarƙashinsu, wayoyin lantarkinsu kuma sun yi ƙaurin suna, har masu su suka yi wa kamfanin Lucas da ke haɗa su laƙabin sarkin duhu. Matsalar da ta fi wannan girma tana cikin ofisoshi. A 1952 aka haɗe Morris da Austin suka zama BMC, amma tsohuwar gabar da ke tsakaninsu ba ta mutu ba. A 1959 Issigonis ya sake fito da wata gwanintar, wato Mini, bayan rikicin mashigin Suez na 1956 ya jawo ƙarancin fetur. Mini ta ci tseren Monte Carlo a 1964 da 1965 da 1967, ta sayu ƙwarai, amma an sa mata farashi mai rahusa ainun. Injiniyoyin Ford da suka saye ta suka kwance ta ƙusa-ƙusa sun ƙiyasta cewa ana asarar kusan fam 30 a kan kowace ɗaya. Kamfanin ya iya ƙira, lissafi ne ya gagare shi.

A 1968 aka sake wata haɗakar da ta haifi British Leyland, inda Austin da Morris da MG da Triumph da Rover da Jaguar suka taru a inuwa ɗaya suna gasa da juna a kasuwa guda. Yajin aiki ya yawaita, inganci ya faɗi, kuɗin sabunta masana'antu ya ƙare. A 1972 Birtaniya ta ƙera motoci kusan miliyan 1.9, adadin da ba ta sake kaiwa ba. Shekara uku bayan haka, a 1975, gwamnati ta karɓe British Leyland don kada ya durƙushe. A daidai wannan lokaci kasuwannin ƙetare suna suɓucewa. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, kuma a 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna. Cikin 'yan shekaru 504 ta mamaye titunan da Morris da Austin suka taɓa mallaka, a sauran duniya kuma motocin Japan suka zo da abin da Birtaniya ta kasa bayarwa, wato motar da za ta tashi kowace safiya ba tare da an tura ta ba.

Daga nan sai rabon gado. A 1980 aka rufe masana'antar MG da ke Abingdon, inda aka ƙera MGB sama da 500,000. A 1994 BMW ta Jamus ta sayi Rover, ta riƙe Mini, ta saki saura a 2000. A Afrilun 2005 MG Rover ya karye, ma'aikata kusan 6,000 a Longbridge suka rasa aikinsu. Sunan MG ya koma hannun 'yan Sin, Jaguar da Land Rover kuma kamfanin Tata na Indiya ya saye su a 2008. Ana ci gaba da ƙera motoci a Birtaniya, har a Cowley inda aka haifi Minor, amma manyan masu kamfanonin baƙi ne.

Tsofaffin motocin su ne suka tsira, kuma sauƙin nan nasu ne ya cece su. Tun da babu na'urar kwamfuta a cikinsu, kowane bakanike mai haƙuri zai iya tayar da su. Ƙananan kamfanoni suna ƙera musu kayan gyara, kuma tun 1988 British Motor Heritage ke buga sabon bodin MGB da ainihin injinan bugun da aka yi amfani da su a dā. Dokar Birtaniya ma ta ba su gata: motar da ta haura shekara 40 tana iya samun sassaucin harajin hanya da na gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Motar da aka ƙera don a yi shekara goma da ita a yar, yau jika ne yake gadonta daga kaka.

Masu waɗannan motoci suna da hujjar ƙaunarsu, domin sun mallaki abin da suka fahimta ciki da waje, abin da mai motar zamani ba kasafai yake samu ba. Amma tarihin ya nuna cewa ƙaunar masu saye ba ta isa ta riƙe masana'anta ba idan babu lissafi da inganci da jari. Minor ta yi shekara 23 ana ƙera ta ba tare da an sake mata tushe ba, kuma wannan daɗewa da masoyanta ke alfahari da ita, ita ce kuma shaidar cewa kamfaninta ya daɗe bai tanadi abin da zai gaje ta ba.