Gwajin jini na beta-HCG: yadda ake tabbatar da shigar ciki

Idan al'ada ta wuce lokacinta, mace kan fara da ɗan tsinken gwajin fitsari da ake saye a farmasi. Akwai kuma lokacin da likita ko ungozoma ke rubuta mata takardar zuwa labo a ɗebi jini, an rubuta "bêta-HCG" a kai. Tsinken fitsari i ko a'a kawai yake cewa. Gwajin jini kuwa adadi yake bayarwa, kuma da wannan adadi ake gane ko cikin yana tafiya daidai.

Abin da ake nema a cikin jinin

HCG sinadari ne da jikin mace ke fitarwa bayan ƙwan da ya haɗu da maniyyi ya manne a bangon mahaifa. Ƙwayoyin da za su zama mabiyiya ne ke samar da shi. Yana fara bayyana a jini, daga baya ya sauka cikin fitsari. Shi ya sa jini ke iya nuna ciki kwana 10 zuwa 11 da shigarsa, tun al'ada ba ta kai ga yin latti ba.

Likitoci biyu na birnin Berlin a Jamus, Aschheim da Zondek, su ne suka gano sinadarin a fitsarin masu juna biyu a 1927. A lokacin ɓeraye ake yi wa allurar fitsarin, a jira kwanaki kafin a samu amsa. A 1972 ne masu bincike a Amurka suka fito da hanyar auna ɓangaren "beta" a cikin jini, wadda ita ce tushen gwajin yau.

Yadda ake yinsa

Ana ɗibar jini kaɗan a jijiyar hannu, da safe ko da yamma, ba sai da azumi ba. Gwajin iri biyu ne: wanda ke nuna akwai sinadarin ko babu, da wanda ke faɗin yawansa. Na biyun yana buƙatar na'ura, don haka an fi samunsa a manyan asibitoci da labo masu zaman kansu na birane kamar Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. A CSI da tsinken fitsari aka fi yin aiki, sai in da dalili a tura mace gaba.

Karanta sakamako

Ana rubuta adadin da ma'aunin mUI/ml ko UI/L, duk ɗaya ne.

- Ƙasa da 5: babu ciki, ko kuma an yi gwajin da wuri.
- Daga 5 zuwa 25: ba a yanke hukunci ba, sai an sake bayan kwana 2.
- Sama da 25: akwai ciki.

A makonnin farko adadin kan ninka kansa duk bayan awa 48 zuwa 72. Yana kai ƙololuwa tsakanin mako na 8 da na 11, sannan ya sauko ya daidaita. Mata biyu masu ciki ɗan mako 6 na iya samun adadin da ya yi nisa da juna ƙwarai, alhali kowacce lafiyarta lau. Saboda haka gwaji guda ba ya faɗin watannin ciki daidai, ba ya kuma tabbatar da tagwaye. Wannan aikin ekografi ne.

Lokacin da gwajin ke ceton rai

A cikin kowane ciki 100, ɗaya zuwa biyu kan zauna a wajen mahaifa, galibi cikin bututun da ƙwai ke bi. A takardun asibiti GEU ake rubutawa. Irin wannan ciki ba ya rayuwa, kuma idan bututun ya fashe jini na zuba cikin mara har ya kai ga halaka. Likita kan yi zarginsa idan adadin na hawa a hankali bai ninka ba, ko ya haura 1.500 zuwa 2.000 amma ekografin da ake yi ta farji bai ga komai cikin mahaifa ba.

Macen da al'adarta ta yi latti, ta ji ciwo mai tsanani a gefe guda na mara, ko ɗigon jini, ko jiri da suma, a kai ta asibiti nan take, ba a jiran sakamakon labo.

Adadin da ke sauka a makonnin farko kan nuna ɓari. Wanda ya yi yawa fiye da kima na iya nuna cikin da mabiyiya ta lalace ta tsiro kamar ƴaƴan inabi; bayan an wanke mahaifa ana ci gaba da auna jinin har sinadarin ya ɓace.

Gwajin na taimakon mai shayarwa da ba ta koma ganin al'ada ba, tana tsoron rurrutsa. Haka ma wadda ta yi watanni ba jini, ana ce mata cikin kwanciya ya yi: idan an maimaita gwajin bai kai 5 ba, babu ciki, sai a nemi abin da ya tsayar da al'adar.

Abin da ke iya ruɗar da sakamako

Bayan haihuwa ko ɓari, sinadarin kan yi mako 4 zuwa 6 bai gama fita daga jini ba. Allurar neman haihuwa mai ɗauke da HCG ma kan sa gwaji ya nuna ciki har kusan mako 2. Maganin tazarar haihuwa da farasitamol ba sa canza sakamako.

Bayan an tabbatar

Abin da ya rage shi ne fara awon ciki. Hukumar lafiya ta duniya OMS, a shawararta ta 2016, ta ce a yi awo sau 8, na farko cikin makonni 12 na farkon ciki. A Nijar, awon ciki na cikin ayyukan da gwamnati ta ayyana kyauta tun 2006. A nan ne ake duba rukunin jini, ƙarancin jini, sida da tunjere, a ba mace ƙwayoyin ƙarin jini, sannan daga wata na huɗu a fara ba ta maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro.