Matsayin ruwa wajen haɗa halojenir na alkil

Halojenir na alkil sinadarai ne da ke da kulor, burom ko iyod maƙale da jerin karbon. A takaice ana rubuta su R–X. Ɗalibai na haɗuwa da su a darasin ilimin sinadarai, masana'antu kuma na amfani da su sosai: daga kulorometan ake yin silikon ɗin da ake toshe tagogi da shi, kuloro'etan kuwa shi ne feshin nan mai sanyi da ke kashe zafin rauni.

Hanyar da aka fi bi a ɗakin gwaji ita ce haɗa alkol da asid: R–OH + HBr → R–Br + H₂O. Ɓangaren OH ba ya sakin karbon da sauƙi. Sai asid ya ba shi H⁺, ya mayar da shi ƙwayar ruwa, sannan ya fice, burom ya maye gurbinsa.

Matsalar ita ce aikin na iya komawa baya. Idan ruwa ya yi yawa, yakan afka wa halojenir ɗin ya mayar da shi alkol. Shi ya sa ake amfani da asid mai ƙarfi, HCl na kusan kashi 37 cikin 100 ko HBr na kashi 48.

Halojenir ba ya narkewa cikin ruwa, kuma wannan na da amfani. A gwajin da Ba'amurke Howard Lucas ya bayyana a 1930, ana zuba alkol cikin HCl da ZnCl₂. Idan karbon mai riƙe da OH na haɗe da wasu karbon uku, haɗin kan gurɓace nan take. Idan biyu ne, sai bayan ƴan mintuna. Idan ɗaya ne, ba ya canzawa sai an ɗumama.

Wasu hanyoyin kuwa ba sa son ko ɗigon ruwa. SOCl₂ da PBr₃ na lalacewa da zarar sun taɓa shi, SOCl₂ ma yana fitar da hayaƙin HCl da SO₂ mai ƙona ido da huhu. Dole kwalabe su bushe ƙarau kafin a fara.

A ƙarshen aiki ana wanke sinadarin da ruwa da bikarbonat don cire sauran asid, sannan a zuba CaCl₂ ya tsotse danshin da ya rage kafin a tace.