Sintiri da Ƙuri'a: Matsayin Unguwa a Tsaro da Zaɓe a Arewacin Nijeriya

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda mutanen Arewacin Nijeriya ke bayar da kuɗinsu da lokacinsu wajen tsaron unguwa, alhali suna janye jiki daga rumfar zaɓe. Ta kafa hujja cewa ayyukan biyu ba sa rabuwa. Sintirin da babu hukuma zaɓaɓɓiya mai sa masa ido yakan rikiɗe ya koma banga ko ɗaukar doka a hannu, zaɓen da unguwa ba ta tsare ba kuma yakan faɗa hannun masu kuɗi da 'yan daba. Maƙalar ta ba da shawarar kwamitocin unguwa su ɗauki fitar da jama'a zaɓe a matsayin aikinsu, bisa sharaɗin ba za su yi wa kowace jam'iyya aiki ba.

1.0 Gabatarwa

A unguwanni da dama na Kano da Kaduna da Zariya da Katsina da Sakkwato akwai wani tsari da ba gwamnati ce ta kafa shi ba. Magidanta kan haɗa kuɗi duk wata, a sayi tocila da usur, a biya 'yan sintiri, a sa ƙofa a bakin lungu a riƙa rufewa in dare ya yi. Akwai shugaba, akwai ma'aji, akwai littafin da ake rubuta wanda ya biya da wanda ake bi. To amma da yawa daga cikin magidantan da ba sa fashin wannan taro ba su san sunan kansilan mazaɓarsu ba. In aka yi musu zancen zaɓe, amsar da aka fi ji ita ce: "Ko ka jefa ko ba ka jefa ba, an riga an rubuta."

Alƙaluman zaɓen shugaban ƙasa sun nuna cewa wannan magana ta yi jijiya. A 2003 kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista ne suka fito. A 2011 adadin ya sauko zuwa kusan 54, a 2015 kusan 44, a 2019 kusan 35. A 2023, cikin mutum fiye da miliyan 93 da ke da rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su wuce miliyan 25 ba, wato kusan kashi 27. A cikin waɗannan shekaru ne kuma ƙungiyoyin tsaro na sa-kai suka yawaita a birni da ƙauye. Ke nan ba son aikin gayya ne ya mutu a zukatan mutane ba. Sun dai kwashe shi ne daga inda suke ganin ba ya biyan buƙata, suka mayar inda suke ganin amfaninsa a daren da suka yi shi. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne wannan ƙaura tana da hatsari ga tsaron kansa.

2.0 Yadda giɓin ya samu

A tsarin sarauta na ƙasar Hausa, tsaro yana bin tsani ne daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa sarki. Baƙo in ya sauka, sai mai masaukinsa ya sanar da mai unguwa. A zamanin En'e dogarai da 'yan doka su ne ƙarfin wannan tsari. Tsarin ya san mutane ciki da bai, amma talaka ba shi da hanyar tuhumarsa. A shekarun 1950, bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a watan Agustan 1950, an yi amfani da 'yan doka da kotunan alƙalai wajen ɗaure 'yan adawa, kuma Hajiya Gambo Sawaba tana cikin waɗanda suka sha ɗauri. Wannan tarihi yana daga cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta haɗe 'yan doka da rundunar 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe ikon mulki daga hannun masarautu ya miƙa wa majalisun ƙananan hukumomi, kuma a wannan shekara ce matan Arewa suka sami 'yancin jefa ƙuri'a. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora a kan haka. Sashe na 7 ya tabbatar da ƙananan hukumomi zaɓaɓɓu, sashe na 14 ya sanya tsaro da jin daɗin jama'a su zama babban dalilin kafa gwamnati, sashe na 214 kuma ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya.

Sakamakon shi ne wanda ya san unguwa, wato mai unguwa, ba shi da iko a doka, mai iko a doka kuma, wato ɗan sanda, sau da yawa baƙo ne da aka turo daga nesa, kuma ba ga mutanen wurin yake kai bayanin aikinsa ba. Wanda aka tanada domin ya haɗa sanin wuri da ikon doka shi ne kansila da shugaban ƙaramar hukuma. Ƙasar tana da ƙananan hukumomi 774 da mazaɓu 8,809. In kujerun nan suka zama kyautar gwamna, ko jama'a suka daina damuwa da wanda ya hau su, babu sauran mai cike giɓin.

3.0 Sintirin da ba mai tuhumarsa

Ba wanda zai musanta amfanin tsaron sa-kai. A 2013 matasan Maiduguri da aka fi sani da 'yan ƙato da gora sun tashi suka riƙa nuna wa sojoji 'yan Boko Haram da ke ɓoye a unguwanni, kuma wannan ya taimaka ƙwarai wajen fitar da ƙungiyar daga cikin birnin. Ƙarfinsu shi ne sun san ɗan wane da gidan wane, abin da soja baƙo bai sani ba.

Sai dai wannan sani shi ne kuma makamin zalunci in babu mai sa ido. A Zamfara, 'yan sa-kai da suka tashi domin maganin satar shanu da fashi sun faɗa kisa ba shari'a, har a tsakiyar kasuwanni, galibi a kan Fulani makiyaya. Masu nazarin rikicin da dama sun nuna cewa ramuwar gayyar da ta biyo baya ta ƙara rura wutar da ake fama da ita har yau. Da gwamnatin Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, Zamfara kuma ta ƙaddamar da Askarawa a watan Janairun 2024, suna neman shigar da wannan ƙarfi ne ƙarƙashin doka. Mataki ne mai ma'ana, amma ya haifar da wata tambaya: waɗannan dakaru ga gwamna suke biyayya, to wa zai tuhumi gwamnan in ba masu ƙuri'a ba?

Hatsari na biyu shi ne siyasa ta saye matasan. 'Yan daba a Kano, sara-suka a Bauchi da 'yan kalare a Gombe duk an san yadda 'yan siyasa ke ɗaukarsu haya a kakar zaɓe, a watsar da su bayan an rantsar, su juyo kan unguwannin da suka fito. Rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ya ci rayuka fiye da 800 a jihohin Arewa 12, ya nuna inda lamarin kan kai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwamitin tsaron da ɗan takara ya saya wa babura da riguna ya riga ya tsage, ko da mambobinsa mutanen kirki ne.

4.0 Ƙuri'a a matsayin aikin tsaro

Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai kasuwanni da tashoshin mota, fitilun titi da magudanan ruwa, kwashe shara, raɗa wa tituna suna da sanya wa gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Wanda ya taɓa yin sintiri ya san kusan dukkansu maganar tsaro ce. Lungun da babu fitila nan ake ƙwacen waya. Tashar da babu mai kula da ita nan ake cinikin ƙwaya. Yaron da makarantar firamare ta kasa riƙewa shi ne mai ɗaukar wuƙa bayan 'yan shekaru. Ɗan sintiri yana fama ne da daddare da abin da ƙaramar hukuma ta bari da rana.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma ta haramta wa gwamnoni naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa, amma ya ɗaga darajar kujerar ciyaman da ta kansila. In kuɗi suka sauko mazaɓar da mutanenta ba sa bibiya, an dai canza wa ɓarna wurin zama ne kawai.

Dangantakar tsaro da zaɓe tana aiki ta ɗaya ɓangaren ma. Tsoro yana hana fita zaɓe, kuma waɗanda yake fara korawa su ne mata da tsofaffi da naƙasassu. Rumfar da ta rage da mutum ƙalilan tana da arhar saye, domin kuɗin da za a raba kaɗan ne, idanun da za su ga maguɗi ma kaɗan ne. Saboda haka tarwatsa layi da 'yan daba ke yi lissafi ne aka yi. A 2021 hukumar zaɓe ta ƙasa ta ƙara yawan rumfuna zuwa 176,846, dokar zaɓe ta 2022 kuma ta ba na'urar tantance masu ƙuri'a gindin zama. Amma na'ura tana tantance wanda ya zo ne kawai. Kawo shi lafiya da mayar da shi gida lafiya aikin maƙwabtansa ne.

5.0 Hujjar masu janye jiki

Masu cewa an riga an rubuta ba daga sama suka tsinci maganar ba. Hukumomin zaɓe na jihohi ne ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, gwamna ne kuma ke naɗa su. A watan Oktoban 2024 jam'iyyar NNPP mai mulkin Kano a lokacin ta lashe dukkan kujerun ciyaman 44, jam'iyyar APC mai mulkin Kaduna kuma ta lashe dukkan 23. Haka abin yake a jihohin da PDP ke mulki. Cutar ba ta jam'iyya ɗaya ba ce, kuma gyaranta yana buƙatar sauya doka.

Duk da haka, janye jiki ba ya hukunta mai maguɗi, sauƙaƙa masa aiki yake yi. Tarihin kusa ma ya nuna cewa inda jama'a suka fito da yawa suka tsaya har aka ƙirga, sakamako yakan sauya. A 2015 shugaban ƙasa mai ci ya sha kaye ya kuma amince. A 2023 gwamna mai ci ya faɗi a Zamfara, jam'iyya mai mulki ta rasa kujerar gwamna a Kano. Kalmar nan ta "a kasa, a tsare, a raka" daga irin wannan gogewa ta fito. Sannan 'yan majalisar dokoki na jiha da na tarayya, waɗanda ke da ikon gyara tsarin zaɓen ƙananan hukumomi, ta hanyar ƙuri'a suke zuwa. Wanda ya ƙi fita ya bar musu tsarin da yake kuka da shi.

6.0 Sharuɗɗan aiki ba ɗaukar ɓangare

Kwamitin unguwa yana da abin da jam'iyya ba ta da shi: ɗan wannan jam'iyya da ɗan waccan duk suna zuba kuɗi a asusunsa, domin ɓarawo ba ya tambayar katin jam'iyya. Wannan amana ita ce jarinsa, kuma za ta iya yi wa zaɓe aiki in aka kiyaye sharuɗɗa huɗu.

Na farko, aikin kwamiti ya tsaya ga taimakon kowa ya yi rajista, ya karɓi katinsa, ya san rumfarsa, ya je ya dawo lafiya. Wanda za a zaɓa sirrin mai ƙuri'a ne, kuma wannan ya shafi limami a kan mumbari da mai unguwa a zaurensa. Na biyu, kada a karɓi gudummawar ɗan takara a kakar zaɓe, littafin ma'aji kuma ya zama a buɗe ga duk mai biya. Duk mamban da ya tsaya takara ko ya zama wakilin jam'iyya a rumfa ya ajiye muƙaminsa na kwamiti. Na uku, ɗan sintiri ba ya zuwa rumfa da gora ko rigar aiki. Tsaron rumfa na 'yan sanda ne, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin haɗin gwiwa da al'umma, ta nan ya kamata unguwa ta kai rahoton wuraren da take jin tsoro tun kafin ranar zaɓe. Na huɗu, a sa mata da baƙin da suka zauna a unguwa da mabiya kowane addini cikin kwamitin, domin su ne aka fi tsoratarwa.

Tun 2015 kwamitin zaman lafiya na ƙasa ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar yake sa manyan 'yan takara su rattaba hannu a kan yarjejeniyar kauce wa tashin hankali. Babu abin da zai hana a yi irinta a mazaɓa, inda 'yan takarar kansila za su zauna a filin makarantar firamare gaban iyayen matasan da ake ɗauka haya, su yi alƙawari, su kuma amsa tambaya kan fitila da kwata da tasha. Bayan zaɓe kwamiti ya riƙa gayyatar wanda ya ci duk wata uku ya yi bayani.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa raba tsaro da zaɓe ya bar unguwa tana biyan kuɗi sau biyu, sau ɗaya ga gwamnati, sau ɗaya ga 'yan sintiri, ba tare da ikon tuhumar kowa ba. Mutanen da suka iya tara kuɗi duk wata, suka riƙe littafi, suka raba kwana a tsakaninsu, sun riga sun mallaki ƙwarewar da dimokuraɗiyyar mazaɓa ke buƙata. Abin da ya rage shi ne su sanya katin zaɓe da bibiyar kansila cikin ajandar taronsu, su kuma rufe ƙofa ga duk jam'iyyar da ta nemi mallake kwamitin. Gyaran dokar zaɓen ƙananan hukumomi zai ɗauki lokaci, amma wannan aiki ba ya jiran izinin kowa, kowace unguwa tana iya fara shi a taronta na gaba.