Sabuntawa ce ko bairos? Rigimar Fabrairun 2010

Jiya a shagon mai gyaran kwamfuta na tarar musu ya kaure. Wani bawan Allah ya kawo laftof ɗinsa ta ƙi tashi, yana ta rantsuwa sabuntawar Windows ce ta kashe ta, mai gyara kuma ya kafe bairos ne. Ni dai dariya nake a raina, don wannan musun ya girmi laftof ɗin nesa ba kusa ba.

Ranar 9 ga Fabrairun 2010 Microsoft ya saki wani gyara mai lamba MS10-015, domin toshe wata kafa da ta shekara 17 a cikin Windows, wadda Tavis Ormandy na Google ya bankaɗo. Nan da nan masu Windows XP suka fara kuka: ka saka gyaran, ka sake kunnawa, sai shuɗin allo. Kowa ya ce laifin Microsoft ne, har kamfanin ya dakatar da rabon gyaran.

Da aka bincika, ashe kwamfutocin da suka faɗi tuni suna ɗauke da bairos mai suna Alureon, wasu na ce masa TDSS, masu su ba su ma sani ba. Yakan laɓe a cikin atapi.sys, fayil ɗin da Windows ke bi ta kansa ya yi magana da rumbun ajiya. Ya haddace adireshin wasu wurare a can cikin zuciyar Windows, gyaran kuma ya sauya musu mazauni. Kamar ɓarawo ne da ya saba shiga ɗakinka cikin duhu, ranar da ka juya kujeru ya yi tuntuɓe ya farfasa kwanuka. To wa za ka kama, ɓarawon ko mai juya kujera?

Abin da ya fi ba ni dariya, masu bairos ɗin da kansu suka yi maza suka gyara nasu, don matacciyar kwamfuta ba ta kawo musu ko sisi. A watan Maris Microsoft ya dawo da gyaran, amma sai ya duba lafiyar kwamfuta kafin ya shiga.

Kar dai ku ce ina wanke kamfanoni. A Afrilun shekarar, McAfee ya ɗauki svchost.exe, fayil ɗin Windows na halak, a matsayin bairos, kwamfutoci suka yi ta mutuwa suna tashi. Na CrowdStrike kuwa, ranar 19 ga Yulin 2024, na'ura miliyan 8.5 ya durƙusar a ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, babu bairos ko ɗaya a ciki.

Mai laftof ya ce in an tashe ta a rufe masa sabuntawa gaba ɗaya. Na ce Malam, da sharaɗi: a fara duba ko akwai baƙo a ciki tukuna. Mai gyara ya ce ya dawo jibi.