Arthur Lewis, mai ba Nkrumah shawara

Dattawanmu da sunka yi Gwalkwas sun san Nkrumah, amma kaɗan sunka ji labarin Arthur Lewis, baƙar fata ɗan tsibirin Santa Lusiya, masanin tattalin arziki. Tun 1953 ya rubuta ma gwamnatin ƙasar cewa kamin masana'antu su yi ƙarfi sai an gyara noman abinci. Mu da ke barin gona kowane rani, zancenmu ne ya yi: in manomi ba shi da kuɗi, wa za ya sayi kayan? A 1957 Nkrumah ya ɗauke shi aikin shawara. Ba su jima tare ba. Lewis na lissafin kuɗin koko, shugaba na son manyan ayyukan da ido ke gani. Ƙarshen 1958 ya aje aikin. Sojoji sunka kifar da Nkrumah a 1966. Lewis ya samu kyautar Nobel a 1979.