Lissafin Riba a Kasuwar Intanet

Riba a kasuwar intanet ita ce abin da ya rage wa mai kaya bayan an cire uwar kuɗi, la'adar dandali, haraji da kuɗin aikawa. Dandali irin su Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Legas a 2012, suna yankar kamasho daga farashin da aka sayar, kuma kason ya danganta da nau'in kaya. Jiji kuwa kyauta ake sanya talla, sai wanda ke son a fifita tallarsa ya biya.

A ƙaddara ɗan kasuwa ya saro atamfa a Kantin Kwari kan naira 12,000, ya sayar 18,000. Idan kamashon kashi 10 ne cikin ɗari, za a cire 1,800. Harajin VAT a kan kamashon, wanda ya koma kashi 7.5 tun Fabrairun 2020, zai ci 135. Ɗauri da kuɗin mota su lashe 1,000. Ribarsa ke nan 3,065, kusan rabin 6,000 da ya zata.

Hanyar yanke farashi ita ce a haɗa uwar kuɗi, ɗawainiya da ribar da ake so, a raba da abin da zai rage bayan yankan dandali. A wannan misali, 19,000 a raba da 0.8925 zai ba da kimanin 21,300.

Kayan da mai saye ya dawo da su sukan cinye ribar ciniki da dama, don haka ya wajaba a ware musu wani kaso tun farko.